Hayaƙin da Dakuna Ke Jira

Tun ranar da na fara shiga ɗakin inji na jirgin ruwa abu ɗaya aka dasa mini a kai: ruwa abokin gaban mai ne. Kowace safiya, kafin in kurɓi shayi, sai na tsuguna a gindin tanki na buɗe famfon ƙasa, na tsiyaye ruwan da ya kwanta. A kan wannan aiki gashin kaina ya yi fari, gwiwoyina suka fara ƙara. Sai ga shi da tsufana kamfani ya kawo wata na'ura ya kafa mini kusa da babban inji, ba ta da aikin komai sai zuba ruwa a cikin mai. Ranar da na ji, ko dariya ban iya yi ba, don na gaji.

Wadda ta zo kafa ta wata injiniya ce mai suna Anjila, 'yar Indiyawan Suva babban birninmu, sa'ar 'yata Torika. Ta tsiyayo man a kwalba ta ɗaga mini. Ya koma fari-fari, kamar shayin da aka cika wa madarar kwakwa.

"Kawu Seta, ba irin ruwan da kake tsoro ba ne," ta ce. "Wancan kwanciya yake yi a ƙasa ya ci maka ƙarfe. Wannan an farfasa shi mitsi-mitsi, kowane ɗigo mai ya lulluɓe shi. Da ya shiga wuta sai ya fashe ya watsa man, man ya ƙone tas. Wutar kuma ta ɗan yi sanyi, gubar da ke fita ta ragu."

"Wato dai miya za mu riƙa dafa wa inji."

"Miya mai daɗi kuwa. Amma da ruwan sha, ban da na teku."

Na so in yi mata gardama, don ni ba a raba ni da gardama. Sai ta ce a unguwar da ke saman tashar jiragen ruwa ta tashi, hayaƙin jirginmu kuwa ta san shi tun tana 'yar firamare. Idan muna tasha sau biyu mahaifiyarta ke wanke mata kayan makaranta, mahaifinta kuma da tari ya tafi kabari. Na fasa gardamar. Ni ma idan na yi kaki da safe na san launin abin da ke fitowa.

Ba na'urar ce ta dame ni ba, lokacin da ta ci ne. Makonni muna ɗaure a tasha ana yankan bututu ana walda, alhali jirginmu shi kaɗai ke zuwa tsibirin Yaloka. A can matata Unaisi take, a ƙauyensu Dakuna. Ciwon sukari ya riga ya cinye mata idon hagu, na daman ma ya fara dushewa. Likitocin da ke aikin bayan ido daga waje suke zuwa Suva sau ɗaya a shekara, kuma ƙarshen watan nan za su tattara su koma. Nas ɗin tsibirin ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, idon nan ba zai kai baɗi ba. Saboda haka a wannan tafiyar dole in ɗauko ta in kai ta gabansu, in ba haka ba shi ke nan.

Na aika saƙo ta rediyon Natuba, ƙauyen da muke sauke kaya, wani ya tsallaka mata dutse da shi. Amsa ta dawo cewa kayanta a ɗaure suke.

Yaloka dutse ne guda a tsakiya, ƙauye biyu a gindinsa, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya. Duwatsun murjani na ƙarƙashin ruwa sun kewaye tsibirin, ƙofar shiga ɗaya ce tak a gefen Natuba, ita ma sai teku ta cika jirgi ke wucewa. Gefen Dakuna babu ƙofa, ko kwalekwale ba ya fita. Mukan wuce su da sassafe, can nesa inda ƙololuwar dutsen kaɗai ake hangowa, mu zagaya murjanin, mu shiga da cikar ruwa wajen tsakar rana. Su kuma su hau dutse da kayansu, su sauko Natuba muna gama sauke siminti da buhunan fulawa. Shekara da shekaru haka ake yi, ba mu taɓa saɓawa da su ba.

Kyaftin ɗinmu Ilaitia wan Unaisi ne. Ni ɗan gwaggonsu ne da aka haifa a wani tsibirin, don haka taubashina ne tun kafin ya zama surukina, kuma bakinsa bai taɓa hutawa a kaina ba. Da aka gama aikin muka tashi, Anjila na tare da mu. Safiyar da muka zo daidai Dakuna na hau sama shan iska, na ɗaga kai na dubi bututun hayaƙi. Babu komai sai zafi yana rawa a bakinsa. Matan da ke kwance a ƙarƙashin tamfol, waɗanda a da suke kakkaɓe baƙin hayaƙi daga tabarminsu suna tsine wa mai inji, yau suna ta ɓare dafaffen gwaza hankali kwance.

Ilaitia ya leƙo daga ɗakin tuƙi.

"Taubashi, injin naka ya mutu ne? Ban ga komai a sama ba."

"Yana numfashi, ya ma fi ka lafiya."

"Shekara nawa kana shafa wa sama baƙi, ashe ƙishirwa ce ke damun bawan Allah. An ba shi ruwa ya yi shiru. Kai ma ya kamata a gwada maka."

"Ni yangona za a dama mini, abin shanmu na saiwa mai kashe jiki. Riƙe sitiyarinka kar ka hau mana dutse."

Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba. Na jingina da ƙarfe ina kallon ƙololuwar dutsen Yaloka can a bakin sama, ina cewa a raina yau Unaisi za ta shiga jirgi ba tare da toshe hanci ba. Daga nan na koma ƙasa na duba zafin inji, na same shi daidai.

Da muka doshi ƙofa Anjila ta rufe ruwan, don wajen shiga da fita da zallan mai ake tafiya. Bututu ya yi tarinsa irin na da, baƙi ƙirin. A lokacin dutse ya riga ya shiga tsakaninmu da Dakuna.

Na bi kwalekwalen farko zuwa gaɓa. Tun daga nesa na ga abin ba yadda na saba gani ba. Mutanen Natuba sai guje-guje suke yi, wannan na jan buhun busasshiyar kwakwa, waccan na ɗaure zane tana kiran 'ya'yanta. Inuwar itacen da mutanen Dakuna ke zama su huta idan sun sauko kuwa wayam, kaji ne kawai ke tono a wurin. Na dubi hanyar da ta gangaro daga dutse, ban ga kowa ba.

Tsoho Waisake, wanda ke karɓar igiyar kwalekwale tun ina saurayi, ya riƙo hannuna na sauka.

"Baban Torika, yau kun zo mana kamar ɓarayi. Sai da kuka shigo ƙofa muka gan ku."

"Mutanen Dakuna fa, Baba? Ba su iso ba?"

"Me suka gani da za su taso?"

"Na aika saƙo. Na ce yau."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa babban da ya yi maganar yara.

"Yau ɗin kamfani? Rediyo ya ce Talata, jirgi ya zo Asabar ta sama. Sau nawa suka hau dutsen nan da buhuna a ka, suka zo suka tare a gidajen mutane kwana da kwanaki suna cin abincin da ba nasu ba, har kunya ta hana su haɗa ido da mu? Ai tun kafin ka yi aure suka yanke, ba mai barin Dakuna sai an ga hayaƙi a teku. Kai ma ka sani."

Na sani. Ilaitia ma ya sani, shi da aka haifa a ƙauyen. Amma mu kullum a ƙarƙashin hayaƙin muke, ba mu taɓa zama a tudu muna jiransa ba. Makonni ina cikin bututu da walda, na yi tunanin ruwa, na yi tunanin tsatsa, na yi tunanin famfon mai, ban yi tunanin wannan ba ko sau ɗaya. Na zauna a kan wani buhun siminti.

"A tura mai gudu," na ce.

"A tura," in ji Waisake. "Ya isa da la'asar. Ita kuma da idon nan nata ba ta hawa dutse da duhu, sai gobe. Za ku jira goben?"

Na koma jirgi na hau ɗakin tuƙi ban ko goge ƙafa ba. Ilaitia yana tsaye da madubin hangen nesa a hannu, ya saita shi kan hanyar dutse. Bai sauke ba da na shigo, na gane ya riga ya gano.

"Mu kwana," na ce.

"A ina? Ruwa na janyewa mu zauna a kan murjani."

"Mu fita waje mu yi ta shawagi, gobe mu dawo."

"Ka ji rediyo da kunnenka jiya. Iska za ta juya kafin dare, gobe ƙofar nan ko kifi sai ya yi shawara kafin ya shige ta. Dubi mutanen da ke ƙarƙashin tamfol, Seta. Da jarirai. Dole in kai su inda za mu fake."

"To bayan iska mu biyo ta nan."

"Da wane man? Kai ka fi ni sanin abin da ke tankinka."

Na fi shi sani, shi ya sa raina ya ƙara ɓaci. Na buga hannu a kan teburin taswira.

"Ƙanwarka ce fa, Ilaitia."

"Na san ko wace ce."

A wurinmu namiji ba ya kama sunan 'yar'uwarsa, ba ya zama kusa da ita, ba ya wasa a gabanta. Tun da na san Ilaitia ban taɓa jin sunan Unaisi a bakinsa ba, sai dai ya ce mutanen gida. Ya sauke madubin, na ga idanunsa sun yi ja. Muka tsaya muna jin ƙarar injin ɗaga kaya yana sauke fulawa.

"Zan sauka," na ce. "Mataimakina Maikeli ya riƙe inji, ga Anjila tare da shi."

"Kamfani ba zai ji daɗi ba."

"Kamfani ya sha ruwa."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Da na kai bakin ƙofa ya ce, "Taubashi, ka gaya wa mutanen gida..." Sai ya tsaya. Na jira, bai ƙarasa ba, na sauka.

Na tarar da Anjila a ɗakin inji, Maikeli ya riga ya ba ta labari. Tana riƙe da tsumma tana murɗa shi.

"Kawu, da na sani da na rufe ruwan da safe. Juya hannu ɗaya ne kawai."

"Ina za ki sani? Mu da ya kamata mu sani ma ga mu nan."

"Daga yau idan an zo daidai ƙauyen sai a rufe na ɗan lokaci, su gani."

"Ki gaya wa Maikeli. Ki gaya wa na Natuba ma su daina zagin mai inji, yanzu sun san amfaninsa."

Na so ta yi murmushi, ba ta yi ba. Na nuna wa Maikeli famfon da ke ɗiga, wanda shi ma ya san da shi, na ɗauki jakata. Ban ji haushin yarinyar ba, ban ji haushin na'urar ba. Da akwai wanda zan ji haushinsa da na samu sauƙi.

Ina tsakiyar hawa na ji jirgi ya busa ƙaho. Na juya na gan shi yana fita ƙofa, baƙin hayaƙi na bin sa. Da ya wuce murjani sai baƙin ya fara tsinkewa, ya yi toka-toka, ya ɓace. Anjila ta buɗe ruwanta. Ban taɓa ganin jirgin nan yana tafiya ba ni a ciki ba, ashe ƙarami ne.

Hanyar Dakuna ba ta tsofaffi ba ce. Laka ja, saiwoyi, duwatsu masu santsi, ga sauro a kwarin da ke sama. Ni kuma mutumin tsani ne da ƙasan ƙarfe, rabona da dutsen nan tun gwiwoyina na da ruwa. Ina hawa ina tsayawa, ina tari, ina zagin takalmina. Duk inda na huta sai in shirya maganar da zan faɗa mata, in na tashi sai ta rushe. Iskar da rediyo ya faɗa ta fara kaɗa kan itatuwa tun kafin in kai ƙololuwa.

Rana ta yi ƙasa sosai lokacin da na gangara cikin ƙauyen. A bakin hanya an jera buhunan kwakwa an rufe da ganye, ga ƙunshin tabarmi, ga kwandunan rogo da za a kai wa 'yan'uwa a Suva, kowa ya shirya. Maza na zaune a gindin itace suna fuskantar teku. Da suka gan ni hira ta tsaya. Wani ya miƙe ya dubi bayana, ko akwai wasu. Na gaishe su na wuce, ban tsaya bayani ba, na bar su su haɗa da kansu.

Unaisi na zaune a kan tabarma a ƙofar gida, sanye da rigarta ta zuwa coci, akwatinta a gefe an ɗaure shi da igiya. Maƙwabciyarmu Laisani na zaune kusa da ita, ta yi wa idonta inuwa da hannu tana duban ruwa. Ita ta fara ganina. Sai ta tashi ta shige gidanta.

Unaisi ta karkata kai.

"Wannan tarin na san shi. Baban Torika?"

"Ni ne."

"Ta ina ka ɓullo? Jirgi bai zo ba."

Na ajiye jaka. Na zauna a bakin tabarma.

"Ya zo, Maman Torika. Ya tafi."

"Tun asuba Laisani take duba mini. Jiya ma haka, shekaranjiya ma haka. Ba ta ga komai ba."

"Ba ya hayaƙi yanzu."

"Ya lalace ne?"

"A'a. Gyara shi aka yi."

Hannunta ya lalubo igiyar akwatin, ya tsaya a kan ƙullin. Na gaya mata komai, ruwan da ake zubawa a mai, da ƙofa, da iska, da wanta da ya tsaya da madubi yana kallon hanya. Na gaya mata jirgi na gaba sai wata mai zuwa. Ban ambaci likitoci ba, ita ma ba ta tambaya ba, ta fi ni riƙe ranar tafiyarsu.

"Ruwa a cikin mai," ta ce. "Kai da ko ruwan sama ya taɓa maka jarkar kananzir sai ka hana gida barci."

"Ni ɗin."

"Yana aiki?"

"Yana yi. Mata har gwaza suke ci a ƙarƙashin bututu."

"To madalla. Yayana lafiya yake?"

"Lafiya lau. Ya ce in gaya miki, sai bai faɗi abin ba."

"Na ji," ta ce.

Na jira ta yi kuka ko ta yi faɗa, da ta yi da na fi son haka. Sai ta sa farce tana kwance ƙullin igiyar a hankali, har ta zare ta, ta naɗe ta a hannu ta ajiye. Tausayinta ya kama ni.

"Ka ci abinci?"

"A'a."

"Akwai kifi da na dafa don hanya. Bari tukuna. Tashi ka koma can, inda rana ke faɗowa."

"Na gaji, Una."

"Na san ka gaji. Tashi dai."

Na dafa ƙasa na miƙe, na tsaya inda ta nuna. Ta ce in matso, na matso. Ta ce in sunkuyo. Ta juya fuskarta gefe, ta kawo idon daman daidai fuskata, ta daɗe tana dubawa, daga goshi zuwa haɓa, kamar mai zaɓen tsakuwa a shinkafa.

"Ka tsufa, Baban Torika."

"Ke ma."

"Ni ba na gani, ba ruwana. Kar ka motsa, ban gama ba."

Bayana na ciwo, iska na watsa mini yashi a wuya. Na tsaya a sunkuye tana kallona har rana ta faɗa ruwa.